Wane Irin Gida Muke Gina wa Ubangiji?



A wata ranar Lahadi cikin watan Afrilu, an gayyace ni wa'azi a wata ƙaramar majami'a da ba da daɗewa ba aka gama yi mata kwaskwarima. An sa silin POP mai ƙananan fitilu, an shimfiɗa tayil mai santsi, an cire tsofaffin tagogin katako an sa na gilashi waɗanda rabinsu kaɗai ke buɗuwa. Bagadi kuwa ya sha labule mai walƙiya da furannin roba. Kafin mawaƙa su gama waƙa ta biyu aka ɗauke wuta, janareto kuma babu mai. Fankoki suka tsaya cik. Ban kai tsakiyar wa'azi ba sai da iyayenmu mata suka fice ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin dogon yaro. Bayan an tashi, ma'aji ya raɗa mini cewa har yanzu mai siminti yana bin su bashi, mai bishara na ƙauye kuma wata huɗu ba a ba shi komai ba.

Ban faɗi wannan don in kunyata kowa ba, gama da ƙauna suka yi aikin. Na faɗa ne domin wannan yayi ya shigo mana gaba ɗaya. Muna ganin manyan majami'un Legas da Abuja a talabijin da wayoyinmu, da mumbarin gilashi da fitilu masu launi, sai mu ce mu ma ba za a bar mu a baya ba. Mun manta cewa su dubbai ne, suna da na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin kunna ta. Mu kuwa 'yan kaɗan ne. Yawancinmu malaman makaranta ne, ƙananan ma'aikata, 'yan tireda, ɗaliban kwalejin Abdu Gusau, da manoman da ke dogara ga damina da ruwan madatsar Bakolori. A nan zafin bazara yakan haura digiri 40. A farkon 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000. In an yi wa ma'aikata biyar canjin wurin aiki, baikon Lahadi ya ragu ke nan.

Wani dattijo zai ce, ai gidan Allah ne, dole ya yi kyau. Gaskiya ne. A Fitowa 31 Ubangiji da kansa ne ya ba Bezalel gwanintar aikin hannu saboda alfarwa. Annabi Haggai ya tsawata wa mutanen da suka gyara gidajensu suka bar Haikali kango. Ba na goyon bayan ƙazanta ko rufi mai yoyo. Amma a Luka 14 Ubangiji Yesu ya yi gargaɗi cewa mai son gini ya fara zama ya yi lissafi, kada maƙwabta su yi masa dariya. Mu da muke zaune a tsakiyar maƙwabta masu lura da kowane motsinmu, ginin da aka bari rabi da bashin da aka kasa biya su ma shaida ce, sai dai ba mai kyau ba.

Kuma wa ya ce kyau sai abin da aka kwaso daga nesa? A Wusasa ta Zariya akwai majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, har yau tana tsaye. Masu bin farko na wurin ba su ga cewa sai sun yar da tubali da azara kafin su bi Kristi ba. Abin mamaki, masanan gini na duniya yanzu sun juyo ga abin da muke gudu. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin domin iska ta ratsa ta kwashe zafi. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018, da bulon ƙasa da hannun maginan garin. Bango mai kauri na ƙasa yakan riƙe zafin rana, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi. Kakanninmu sun san haka tun kafin zuwan siminti.

Na san ginin ƙasa yana son yaɓe da kulawa, ba kuma cewa nake a rushe abin da aka riga aka gina ba. Samun fili da izinin gina majami'a a jiharmu ba abu ne mai sauƙi ba, kowa ya sani. Saboda haka ɗan wurin da muke da shi, mu yi masa aiki da hankali. Ga shawarata ga kwamitocin gini:

Na ɗaya, a sa harsashi mai ƙarfi, a ɗaga rufi, a bar kwano ya zarce bango domin inuwa da kariya daga ruwa.

Na biyu, a yi tagogi masu fuskantar juna waɗanda ke buɗuwa gaba ɗaya, da ƙananan kafofin iska kusa da rufi. A yi ƙofofi aƙalla biyu masu buɗewa waje, gama zamanin da muke ciki na bukatar haka.

Na uku, a dasa itatuwa tun kafin a sayi fenti.

Na huɗu, a tuna da tsofaffi da guragu. Tayil mai santsi da matakala masu tsawo sun hana wasu zuwa sujada.

Na biyar, a rage kwalliyar bagadi. Kujerar fasto mai kama da karagar sarki, alhali jama'a na kan benci mai rawa, ba ta yi daidai da koyarwar Yakubu sura 2 ba. Babban allo mai hoton fasto a bakin ƙofa, wa yake ɗaukakawa? Gicciye, tebur mai tsabta, aya da aka rubuta da Hausa, da tabarmi ko kyallen da zumuntar mata suka yi wa ado da hannunsu, sun isa.

Na shida, kada a ci bashi don ado, kada kuma a taɓa kuɗin mai bishara, na gwauraye, ko na 'yan'uwan da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu.

Dattawa, kafin godiyar kaka ta bana, ina roƙonku ku zauna da kwamitin gini ku duba takardar kuɗi layi-layi. Kowane abu ku tambaya: wannan zai taimaki mai sujada ya ji Maganar Allah, ko don baƙo ya yaba ne? Ku kira iyayenmu mata su ma su faɗi nasu, tun da su ne suka fara ficewa zuwa gindin bishiya.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye ikkilisiyarsa a Zamfara. Amin.