Gajarta ba daga dangin uba kaɗai take ba

In aka ga yarinya gajera sai a ce dangin ubanta ta biyo, shi ke nan an rufe zancen. Gado yana da nasa rabon, amma ki dubi Koriya ta Kudu. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 ya kwatanta tsawon 'yan shekara 18 na 1914 da na 2014 a ƙasashen duniya, ya gano 'yan matan can sun ƙaru da kusan santimita 20, samarin Iran kuma da fiye da 16. Jinin mutane bai canza cikin shekara ɗari ba. Abinci ne ya canza, da ruwan sha, da rigakafi. A Yuganda da Ruwanda da Saliyo kuwa, binciken ya nuna tsawon ya koma baya a shekarun baya-bayan nan.

Faɗi ma ya canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara masu shekara 5 zuwa 19 ne ke da nauyin da ya wuce kima; a 2022 sun kai kashi 20. Lemon kwalba da biskit suna sa ƙiba, ba sa gina ƙashi.

Abin da ke damuna shi ne, da katin awo na asibiti ya ƙare, mun daina auna yaro gaba ɗaya. Alhali lokacin balaga ne jiki ke yin tsiro na biyu mafi sauri bayan jarirantaka. Mace takan fara wajen shekara 10 zuwa 11, namiji kamar shekara biyu bayanta, shi ya sa za ki ga 'yan mata sun kere samari a ƙaramar sakandare. Bayan ta fara al'ada, ɗan tsawo kaɗan ne ya rage mata, ga jini da take zubarwa duk wata. A daidai wannan lokacin ne kuma muke cewa ta girma, ta bar wa ƙanne nama.

Ki samu bango, ki riƙa yin alama da fensir duk wata shida. Ki ƙara mata wake, ƙwai, nono, zogale, gyaɗa da hanta in da hali. In shekara ta zagayo alamar ba ta motsa ba tun ba ta fara al'ada ba, ko ta kai 15 ba ta fara ba, ki kai ta ga likita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.