In an gama aiki, a miƙa mana takardunsa

Yau za mu taɓo wata magana da ba a cika yinta a fada ko a wajen shan shayi ba, amma tana nan ƙarƙashin ƙafafunmu: takardun ayyukan gini. Wato zane-zanen da injiniyoyi ke yi, wanda muke ce wa filan, da sauran dosiyen da ke nuna inda aka binne tiyo, inda wayar kuran ta bi, da zurfin da aka haƙa.

Kowa ya san garinmu a kan dutse yake zaune. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedikwatar ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da muke sha daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Kenan dukiya mai yawa tana binne cikin ƙasa, kuma abin da aka binne ido ba ya ganinsa, takarda ce kawai ke tuna inda yake. Duk tiyon da ya fashe don mai haƙa bai san yana wurin ba, matan unguwa ne ke biya, su da yaran da ke kwana a layin pampo da bido.

A 2001 aka raba aikin ruwan birane gida biyu: SPEN ta riƙe kadarori, SEEN tana gudanarwa. A farkon 2024 NDE ta gaji SEEN. A watan Afrilun shekarar aka rusa majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi. Ba laifin kowa muke nema ba. Abin lura shi ne, kamfani na canzawa, shugaba na canzawa, tsohon ma'aikaci na tafiya ritaya, tiyo kuwa yana nan inda aka sa shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, to ranar da mai ɗakin ya tashi fa? In duk sanin yana cikin kan mutum guda, da shi zai tafi.

Wani zai ce ai kowane aiki da filan ake farawa. Haka ne. Sai dai filan ɗin farko niyya ce kawai. Da an fara haƙa sai a ci karo da dutse a karkata, ko mai fili ya ƙi a canza hanya. Shi ya sa masu sana'ar suke da zane na biyu, wanda a faransanci suke kira plan de récolement, zanen aikin yadda aka yi shi a zahiri bayan an gama. Shi ne mai amfani ga wanda zai zo gyara bayan shekara goma, kuma shi ne ake saurin mantawa da zarar an yanka kyalle an tafa hannu. Ayyukan Zinder Sabuwa na 2018, da hanyoyin da gine-ginen, sun fara kai shekarun neman gyara. Yanzu ne ya dace a tattara zanensu wuri guda.

Tsarin ba wani abin mamaki ba ne, haka ake yi a ma'aikatun da ba su wasa da haɗari. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana karɓar ɗanyen mai ta bututun da ya taso daga Agadem, tafiyar sama da kilomita 400. A irin wannan sana'a, kuskuren zane guda na iya zama gobara, don haka duniya ta ɗauki kula da takardu a matsayin aiki mai zaman kansa. Mu ma abin da muke roƙo ga ma'aikatar magajin gari da sauran masu ba da kwangila bai wuce waɗannan ba.

Kowane zane ya samu lambarsa, wadda ba a ba wani. A kusurwarsa a rubuta ranar da aka yi shi, wanda ya zana, wanda ya duba, da wanda ya sa hannu. In an gyara, a ƙara harafi, A ta koma B, B ta koma C, a rubuta abin da aka canza. Tsohon kuma a buga masa tambarin cewa ya daina aiki a janye shi daga hannun ma'aikata, don babu abin da ya fi ɓarna kamar mutum biyu suna aiki guda da zane iri biyu. A buɗe rajista guda, a damƙa ta ga mutum guda da aka sani da suna, wanda in ya tashi zai miƙa ta a rubuce. A ajiye kwafi biyu, na takarda da na kwamfuta, a wurare daban, saboda gara da yoyon damina da ɓarawon waya. In kamfanin baƙi ne ya yi aikin, ya ba da takardun cikin harshen da ma'aikatanmu ke karantawa. Babbar kuwa ita ce: kuɗin garanti da ake riƙe wa ɗan kwangila kada a sake su sai ya kawo zanen ƙarshe, an je wurin an gwada an ga ya yi daidai.

Mun san abin da za a ce: babu kuɗi, babu ma'aikata. To a gwada kuɗin kabad da rajista da kwamfuta guda da kuɗin fasa sabuwar kwalta ana lalube. Ma'aikata kuma, ga Jami'ar André Salifou a cikin gari, ɗalibai na neman wurin sitaj kowace shekara. A raba masu unguwanni, Birni, Zango, Sabon Gari, Garin Malam, Kara-Kara, su bi tsofaffin ma'aikata da masu unguwa suna aunawa suna rubutawa, tun waɗanda suka sani suna raye.

Maganar ba ta tsaya ga tiyo ba. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, kuma kowa ya ji abin a ransa. A Faransa, da cocin Notre-Dame ta Paris ta ƙone a Afrilun 2019, masu gyara sun amfana da awon da wani masani, Andrew Tallon, ya ɗauka da na'ura tun kafin gobarar, aka sake buɗe ta a Disamban 2024. Gidan Sarki, ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun da gidajen Birni masu zane sun cancanci irin wannan awo tun suna tsaye.

Mu da muke riƙe da makirofo mu ma da namu aikin. Ranar buɗe sabon aiki, bayan mun tambayi nawa aka kashe, mu ƙara da tambaya guda: ina zanen ƙarshe, kuma a hannun wa yake? Ku ma masu saurare, in an zo aiki a ƙofar gidanku, ku tambaya cikin ladabi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana garinmu.