Nisan da manhaja ke nunawa ba shi ne tafiya ba

Matashi a Lafagu, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, zai iya ɗaukar wayarsa ya tambayi nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi da ƙaramin filin jirgi na Kandi a Jamhuriyar Benin. Nan take manhaja za ta ba shi amsa: kilomita ɗari biyu da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a sama. Lissafin daidai ne, amma ba zai kai kowa Kandi ba.

Abin da irin waɗannan manhajoji ke yi shi ne ɗaukar lambobin wuri na filayen biyu, irin waɗanda GPS ke amfani da su, su lissafa layi mafi gajarta a bayan duniya. Ba ruwansu da ko akwai jirgin da ke bin wannan layin. Tsakanin Birnin Kebbi da Kandi kuwa babu jirgin fasinja mai zirga-zirga. Wanda ya dage sai jirgi, sai ya sauka Abuja, ya nemi hanyar Kwatano, sannan ya hau mota ya yi sama da kilomita 600 zuwa arewa. Mutumin Lafagu da ya bi ta Tsamiya ya tsallaka Segbana zai riga shi isa, da kuɗinsa a aljihu.

Najeriya da Benin duka suna cikin shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a Janairun 2018. Sai dai sa hannu a takarda ba ya tayar da jirgi. Kamfani sai ya ga fasinjan da za su cika kujeru, kuma masu hada-hadar hatsi da dabbobi a wannan iyaka da mota da babur suke harkarsu.

Saboda haka bayanin da matafiyin Bagudo ke buƙata daban ne. Iyaka a buɗe take yau? Waɗanda suka ga rufe iyakoki a Agustan 2019 sun san nauyin wannan tambaya. Nawa ne kuɗin mota? Nawa ake canjin sefa? Ina layin waya zai koma na Benin ya fara cin kuɗin waje?

Direbobin tasha da 'yan kasuwa sun san amsoshin nan, amma babu su a waya. Wannan aiki ne na matasan Kebbi masu rubuta manhaja: su tattara bayanan da Hausa, a manhaja marar nauyi da ke aiki ko babu data. Kafin nan, mai shirin tafiya ya sauke taswirar Google Maps ta yankin tun yana gida, sannan ya kira wanda ya bi hanyar a makon nan.