Kifin Morai da Hannun da Ke Miƙa Masa Abinci

A cikin kogunan duwatsun murjani na Bahar Maliya da tekunan Indiya da Pasifik akwai wani kifi mai siffar maciji da ake kira morai. Jinsinsa ya kai kusan 200, kuma mafi girmansu yakan kai tsawon mita 3. Ba shi da ɓawo, yauƙi ne ya lulluɓe fatarsa. Kullum bakinsa a buɗe, haƙora a waje, shi ya sa aka daɗe ana yi masa kallon mugu. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba.

Buɗe bakin numfashi ne kawai: ƙofofin numfashinsa ƙanana ne, dole ya riƙa tura ruwa ta baki. Idonsa ba ya gani sosai, da hanci yake farauta, galibi da dare. A 2007 Rita Mehta da Peter Wainwright na Jami'ar Kalifoniya suka nuna cewa yana da muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, wanda ke zabura gaba ya cafke abin da ya kama ya ja shi ciki. Haƙoransa kuma sun karkata baya, don haka in ya riƙe, fizge hannu yakan ƙara yaga nama.

Amma yaushe yake cizon mutum? Mafi yawa sai an cusa hannu a raminsa, ko masu nutso sun saba masa da abinci don burge 'yan yawon buɗe ido. Kifin da ba ya bambance yatsa da yankan nama ba shi ne mai laifi ba. Akwai waɗanda suka rasa yatsu ta haka.

Hatsari na biyu ya fi ɓuya. Manyan morai suna tara gubar siguwatera, wadda ke fitowa daga ƙananan halittun ruwa ta bi ta cikin kifayen da suke ci. Dafuwa ba ta kashe ta, daskarewa ma haka. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa, har ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar ƙuna.

Saboda haka ya kamata hukumomin gaɓar teku su hana ciyar da morai da hannu, su kuma gargaɗi masunta da masu saye game da cin manyansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.