Ladi Kwali Tana Aljihunmu, Ba Ta Ajinmu

Duk wanda ya taɓa juya takardar naira ashirin ya ga wata mata tana ginin tulu. Ita ce Ladi Kwali. Amma tsayar da ɗalibin sakandare a nan Suleja ka tambaye shi ko wace ce, kuma a ina ta yi aikinta, sai ka ga yana sosa ƙeya. Laifin kuwa ba nasa ba ne, na masu tsara masa darussa ne.

Bari mu tuna wa masu mantuwa. A farkon shekarun 1950, lokacin da ake kiran garin nan Abuja, wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan Ladi, masu zanen kadangare da kunama da kifi, kuma a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar. Ba ta yi boko ba, a gida ta koyi sarrafa yumɓu. Duk da haka aikinta ya kai Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984 duniya na yi mata jinjina.

To, yau me muke koya wa jikokinta? An tattara zane da kiɗa da wasan kwaikwayo an cusa su cikin darasi guda, wai shi al'adu da fasaha. Sau da yawa malamin da ya rasa aji ake ɗora wa, ko da bai taɓa riƙe buroshi ba. Ya cika allo da rubutu, yara su kwafe, su haddace ma'anar launi alhali ba su taɓa haɗa shuɗi da rawaya sun ga kore ya fito ba. Wannan ai koyar da iyo ne a kan tabarma. Idan jarrabawa ta matso kuwa, lokacin wannan darasi ake fara yankewa a ƙara wa lissafi.

Za a ce babu kuɗi. Ashe yumɓu ma sai an yi odarsa daga waje? Wasu iyayen kuma su ce likita ko injiniya suke so, kamar injiniya ba da zane yake fara gini ba. Akwai masu fakewa da addini, kuma ina girmama taka-tsantsan ɗinsu game da siffanta masu rai. Sai dai zayyanar allo, da dagin da ke jikin soro, da aska takwas a gaban riga, da sassaƙar ƙwarya, waɗanne ne daga cikinsu suka saɓa? Malamanmu da kakanninmu ne suka bar mana su.

Abin da nake kira ga hukumomin ilimi na Jihar Neja bai fi ƙarfinsu ba. A ware wa darasin sa'o'in aikin hannu, a ɗauki malaman da suka karanci fannin, a riƙa kai ɗalibai wajen magina suna taɓa laka da hannunsu. Sannan a buɗe ƙofar aji ga magina da maɗinka da marina su koyar, ko ba su da takardar shaida. Domin da Ladi Kwali za ta dawo yau ta nemi koyarwa a firamare, takardar NCE za a fara tambayarta, a sallame ta tun daga bakin ƙofa.