Wanda Bai Taɓa Wuce Jega Ba Shi Ke Koya Mana Hawa Jirgi

Ku yi mani afuwa, yau na ajiye ci gaban labarinmu a gefe, domin akwai abin da ya tokare mani maƙoshi tun bara, in ban amayar da shi ba, ko shafi ɗaya ba zan iya rubutawa ba.

Gwaggona ta Argungu, wadda ta haura shekara sittin, 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka biya mata Umara. Tunda labari ya fita gidan ya cika da masu sallama, kuma kowa da shawararsa a baki. Wannan ta ce ta tusa goro a cikin garin kunu, ai ba a bincikar tsofaffi. Waccan ta ce ta ɓare magungunanta na hawan jini daga kwali ta zuba a leda don kada su ci wuri. Wata kuma, wadda ko sunanta Gwaggo ba ta riƙe sosai ba, ta kawo wani ƙulli ɗinke a cikin tsumma, wai a kai wa ɗanta a Jidda. Ana jibi tafiya na taso daga Birnin Kebbi na zazzage jakar nan a kan tabarma, wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Na ce, "Gwaggo, mene ne a cikin wannan ƙulli?" Ta ce, "Ke ɗiyata, mi ad damuwarki? Amana ta aka ba ni, ba a buɗin amana." Na ce, "To wa ya ce maki ana shiga da goro?" Ta ce Alhaji ne na bakin kasuwa, shi da ya je har sau biyu. Da na bincika, zuwansa na ƙarshe tun kafin a haifi ɗiyata ta fari ne, wadda yanzu take goyon ɗa.

Saudiyya ta hana shiga da goro, kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ba ta gajiya da faɗar haka. Batun ƙulli kuwa ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, domin hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa. Kun manta ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, saboda wata jaka mai ƙwayar Tramadol da wasu miyagu suka liƙa wa sunanta tun daga Kano? Wata huɗu ta yi a tsare, sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnati ta sa baki. Ita fa ko ganin jakar ba ta taɓa yi ba. To ina ga tsohuwar da za a ciro ƙulli daga cikin zannuwanta, ba Larabci ba Turanci?

Ban ce Alhajin nan ya yi nufin cuta ba. Laifinsa, wanda laifin yawancinmu ne, shi ne ba mu yarda cewa sanin hanya yana rubewa kamar tumatir ba. A zamaninsa sai an je Sakkwato ko Kano ake tashi. Yanzu muna da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, har ma daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a watan Mayun 2024. A zamaninsa mutum na shiga jirgi da gorar ruwansa a hannu, yanzu a tafiyar ƙasashen waje abin da ya wuce mililita 100 na ruwa ba ya wuce wurin bincike a jakar hannu. Bai san tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Makka da Madina ba. Amma in ya gyara zama a majalisa ya ce "lokacin da muka je", ba mai iya ɗaga masa murya.

Ni ma an taɓa yi mani. Jihar Kebbi dai ba mu da layin dogo, mafi yawanmu a hoto muka san jirgin ƙasa, shi ya sa duk wanda ya ce ya hau sai mu sakar masa kunne. A 2023 taron marubuta ya kama ni a Abuja, na biyo ta Kaduna. Wani maƙwabcinmu ya rantse mani cewa in na isa tashar Rigasa in miƙa kuɗi kawai a ba ni tikiti, haka ya yi da kansa. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar shekarun farko ce, bayan buɗe layin a 2016. Bai san an koma sayar da tikiti ta intanet tun 2021 ba. Bai san bayan harin 28 ga Maris, 2022, jirgin ya tsaya har 5 ga Disamba, kuma da ya dawo aka ce sai da lambar NIN ba. Na isa na tarar kujeru sun ƙare, wani yaro ya raɓo ni da tikiti mai sunan wata a kan ninkin kuɗi, na ƙi. Kaduna na kwana, rabin taron ya wuce ni.

Mu marubuta kuma kada mu wanke hannu. Sau nawa muka rubuta cewa Alhaji ya fusata da dare, gari na wayewa ya ɗauki amarya sai Landan? Ba biza, ba katin rigakafi, ba zancen fasfon da ya kusa ƙarewa, alhali ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata shida. Na rubuta irin wannan har littafi uku kafin in taɓa taka matakalar jirgi. Yaran da ke karanta mu a ɗaka suna ɗauka haka abin yake.

Za a ce mani, to wa za mu tambaya, tunda ba kowa ya iya karatu ba, kuma ba kowane ofis ke sauraren talaka ba? Na yarda. Amma akwai tambaya ɗaya da ko Gwaggo za ta iya yi: "Yaushe ka je?" In shekara ta wuce, a karɓi addu'arsa a bar shawararsa. Ku duba yadda muke yi da mota. Ba wanda zai kama hanyar Kwantagora ko ta Gusau bai je tasha ya tambayi direban da ya dawo jiya ba, saboda mun san hanyar da ke lafiya wannan mako tana iya ɓaci mako mai zuwa. Me ya sa in aka zo jirgi sai mu jefar da wannan hankali? Maniyyaci ya je bitar hukumar alhazai ta jiha da ƙafarsa, kada ya aika a jiyo masa. Mai Umara ya tambayi kamfanin da zai biya ko yana da lasisin NAHCON, ya ce a nuna masa. Wanda kuma yake ba ka shawara yana turo ka wurin "wani yaronsa" da zai gama maka komai, wannan dillali ne, kamasho yake nema, ko da kuwa kawunka ne.

Ranar na mayar da magungunan Gwaggo cikin kwalayensu tare da takardar likita, goron kuma muka raba wa masu sallama. Ƙullin nan ni da kaina na kai wa mai shi, na ce ta warware shi a gabanmu in tana so a tafi da shi. Ta ce na ci mata mutunci, ta karɓe abinta. Gwaggo ta je ta dawo lafiya, matar kuwa har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ba ta warware ƙullin ba.