Sharhi: Yadda Ake Gane Littafin da Ya San Abin da Yake Faɗa



Ranar 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kuɗin mota da na abinci suka bi sahu. A majalisun unguwa, a teburin mai shayi, a WhatsApp, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Sai dai labaran yau da kullum iyakarsu su faɗa maka abin da ya faru. Dalilin faruwarsa, da wanda ya ci riba, da inda lamarin ya dosa, wannan sai a littafi. Matsalar ita ce kasuwa cike take da littattafai, kuma ba duk mai bango mai ƙyalli ne yake ɗauke da ilimi ba.

Malamanmu na hadisi sun bar mana ma'auni: kafin a karɓi magana, sai an duba isnadinta. Haka ya kamata mu yi wa littafin siyasa da tattalin arziki. Wane ne marubucin? Ya taka ƙasar da yake magana a kanta? Alƙaluman da ya kawo, ya faɗi inda ya samo su? Kuma me zai samu idan ka yarda da shi?

Mu koma kan tallafin mai. A shekarar 2018 Dokta Ngozi Okonjo-Iweala ta fitar da littafi kan haɗarin yaƙi da cin hanci, inda ta bayyana badaƙalar kuɗin tallafi bayan zanga-zangar ƙin janye tallafin ta Janairun 2012, da yadda aka sace mahaifiyarta a ƙarshen wannan shekarar. Ta san cikin gida, domin ita ce ministar kuɗi a lokacin. Amma wanda ya riƙe ofis, idan ya ɗauki alƙalami, aikinsa yake karewa. Don haka mai neman gaskiya zai haɗa da rubuce-rubucen marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda tun zamanin shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 yake sukar shawarwarin Asusun Lamuni na Duniya, yana cewa a gina kasuwar cikin gida tukuna. Idan ka karanta su biyun, za ka ga inda suka saɓa, kuma a nan ne tunaninka zai fara aiki. Wanda ya saurari ɓangare ɗaya bai isa yanke hukunci ba.

Littattafan da ke hasashen gobe kuwa, sun fi buƙatar taka-tsantsan. A 1968 wani masani Ba'amurke, Paul Ehrlich, ya rubuta cewa ɗaruruwan miliyoyin mutane za su mutu da yunwa a shekarun 1970 saboda yawan haihuwa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, amma ingantaccen irin alkama da shinkafa, da taki, da noman rani sun sauya lissafin a ƙasashe irin su Indiya. Gaibu sai Allah. Marubucin kirki yakan ce: idan abu kaza ya ɗore, ga abin da ake tsammani, idan ya sauya, ga wata hanyar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Duk wanda ya ba ka adadinmu na shekarar 2050, ƙiyasi ya ɗora a kan ƙiyasi, kuma mai amana zai faɗa maka haka tun a shafukan farko.

Ina ake samun irin waɗannan littattafai? Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano, da ɗakunan karatun jami'o'inmu. A Yamai akwai cibiyar bincike ta LASDEL, wadda ke sanya rahotanninta kan asibitoci, kotuna da ƙananan hukumomi kyauta a intanet. Malamin jami'a da ya ƙware a fanni ma, idan ka tambaye shi cikin ladabi, ba zai hana ka sunayen littattafai biyu ko uku ba.

Babban giɓin da ya rage shi ne na harshe. Kusan dukkan waɗannan ayyuka da Turanci ko Faransanci suke, alhali manomi da ɗan kasuwa da uwargida su ne manufofin gwamnati suka fi taɓawa. Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ƙarƙashin Abubakar Imam, ta nuna cewa Hausa na iya ɗaukar al'amuran duniya komai nauyinsu. Muna kira ga sassan koyar da Hausa na jami'o'i, da kamfanonin ɗab'i, da masu hannu da shuni, su ɗauki nauyin fassara ko da littattafai goma ne kan kasafin kuɗi, bashi, noma da tsaro, gidajen rediyo kuma su riƙa karanto su babi-babi. Talakan da ya fahimci yadda ake tsara kasafin kuɗi, ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'arsa, ya san tambayar da zai yi masa.